Ƙwannafi da Tuwon Dare

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Ikara da Paki da Saulawa, da na Makarfi da Gimi da Tashar Yari, da na Hunkuyi da Kudan da Likoro, da duk wanda muryar nan ta iske shi a gona ko a shago ko a kan hanya.

Yau a kan ƙwannafi za mu yi magana, wato zafin nan da ke tasowa daga ciki ya bi tsakiyar ƙirji, wani lokaci har ruwa mai tsami ya kai baki. Na zaɓi wannan batu ne saboda yadda nake ganin mutanenmu suna zubar da kuɗi a kansa shekara da shekaru, alhali rabin maganin yana cikin gidajensu.

Ka tsaya a bakin kemis bayan sallar isha'i, ba za ka daɗe ba sai ka ga wani ya iso, hannu dafe da ƙirji, yana cewa, "Malam, olsata ce ta tashi, a ba ni na ɗari biyu." Sai a yanko masa ƙwaya biyu da almakashi, ko a miƙo masa kwalbar farin maganin nan mai kauri, ya kafa kai a nan tsaye ya kurɓa. Ba wanda ya tambaye shi yaushe ya ci abinci, me ya ci, ko da wane lokaci zafin yake zuwa. Gobe war haka zai dawo. A wurinmu duk abin da ya yi zafi tsakanin maƙogwaro da cibiya sunansa olsa, kuma daga wannan kuɗin goro da muke yi wa ciwon ciki matsalar take farawa.

Bari mu ga yadda jikin yake. Lomar da ka haɗiya tana bin wani bututu ne daga maƙogwaro zuwa tumbi, tsawonsa a jikin babban mutum kamar santimita 25. A cikin tumbi akwai ruwan tsami mai ƙarfin gaske, wanda likitoci ke kira asid. Shi ke fara narkar da nama da wake, shi ke kashe yawancin ƙwayoyin cutar da suka biyo abinci. Allah cikin ikonsa ya shafe bangon tumbi da wani yauƙi mai kauri da ke kare shi daga wannan ruwa, amma bututun abinci bai samu irin wannan kariya ba. Abin da ke tsaronsa wani zoben tsoka ne a daidai inda ya haɗu da tumbi, wanda ke buɗewa idan loma ta iso, ya tsuke idan ta wuce. To idan zoben ya yi sako-sako, ko yana saki ba a kan lokaci ba, ko tumbi ya cika har ya rinjaye shi, sai ruwan tsamin ya yo sama ya ƙone inda ba wurin zamansa ba.

Ɗauki misalin jarkar manja da murfinta bai kama sosai ba. Muddin tana tsaye, kuma ba a cika ta har wuya ba, ba za ka ga ɗigo ba. Ka cika ta maƙil, ka kwantar da ita, ka ɗora mata buhu, sai ka zo ka tarar da ɓarna. Wanda ya riƙe wannan misali ya riga ya fahimci abin da zan faɗa game da yawan ci, da kwanciya, da matse ciki.

Kowa yakan yi ƙwannafi jefi-jefi, wannan ba cuta ba ce. Yana zama cuta ne idan ya riƙa zuwa sau biyu ko fiye a mako, ko yana hana barci da aiki. Binciken da aka tattaro daga ƙasashe da dama ya nuna kusan mutum 13 zuwa 14 cikin kowane 100 na manya a duniya suna fama da shi. Kuma ba kullum yake zuwa da zafi ba. Wani tari ne busasshe zai dame shi da dare, wani ya wayi gari murya a dishe, wani yana jin kamar wani abu ya tokare masa wuya, wani kuma haƙoransa ne za su riƙa cinyewa ta ciki.

Olsa kuwa, wato gyambon ciki, rauni ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Ciwonsa ya fi zama tsakanin cibiya da ƙashin ƙirji, kuma sau da yawa, musamman na farkon hanji, da yunwa yake tashi, ya lafa idan an ci abinci. Manyan dalilansa biyu ne: magungunan kashe ciwon jiki, da wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori. A shekarar 1982 ne wasu likitoci biyu a birnin Perth na Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano alaƙarta da ciwon ciki. Da abokan aikinsu suka ƙi yarda, sai Marshall ya shanye ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kwanta ciwo, don kawai a gani da ido. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017 ya ƙiyasta cewa kusan mutum 88 cikin 100 a Najeriya suna ɗauke da wannan ƙwaya, ko da yake mafi yawansu ba ta taɓa sa su ciwo ba. Ana gane ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, kuma ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Ashe ke nan olsa ta gaskiya tana warkewa. Wanda ya ce maka shekararsa goma sha yana fama da olsa, ko dai ba a taɓa yi masa maganin da ya dace ba, ko yana shan abin da ke tayar da ita, ko kuma tun asali ba ita ba ce.

Dalilin da ya sa na tsaya a kan wannan bambanci shi ne shawarar da ake ba mai olsa a unguwa. Za a ce masa, kada ka yarda cikinka ya zauna babu komai, ka ajiye biredi da madara kusa da shimfiɗa, in ka farka cikin dare ka ci. Bawan Allah mai ƙwannafi sai ya ɗauki wannan shawara da hannu biyu, ya cika tumbi daf da kwanciya, ya ƙara da kofin madara. Madara takan sanyaya ƙirji na ɗan lokaci, gaskiya ne, amma maiƙon da ke cikinta da sauran sinadaranta suna sa tumbi ya ƙaro ruwan tsami daga baya. Tsakar dare sai ya farka yana ƙwarewa, ya ce olsar ta yi tsanani, ya ƙara biredi. Rashin sani ya fi dare duhu.

Mu zo ga tuwon dare, wanda a ganina shi ne uwa uba. A gidajenmu abinci mafi nauyi shi ne na dare. Manomi ya wuni a fadama yana dashen tumatir ko yankan rake, da rana ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Sai bayan magariba, wani gidan ma bayan isha'i, a sauke tuwon masara. Ga yunwa ga gajiya, ya tashi da malmala uku, ya kora da ruwa kofi biyu, kafin a kwashe kwanuka ya miƙe a tabarma. Samari kuma nasu teburin mai shayi ne: Indomie da ƙwai a soye cikin mai, biredi, shayi mai kauri da madara, ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Direban da ya yada zango a hanyar Zariya zuwa Kano shi ma haka, ya ci tsire da yaji ya kwantar da kujera. Tumbi yana buƙatar awa biyu zuwa huɗu kafin ya tura yawancin abin da ke cikinsa zuwa hanji, kuma abinci mai maiƙo ya fi daɗewa. Shi ya sa likitoci ke cewa a bar tazarar kamar awa uku tsakanin loma ta ƙarshe da kwanciya.

Na san abin da wani zai ce: mai sharhi, ai ba mu muke zaɓar lokacin da tukunya ke sauka ba, wani lokaci sai yamma maigida ke samo abin cefane. Wannan gaskiya ce, kuma ba na raina ta. Amma akwai abin da za a iya ko a hakan. Gidan da ke da hali, a matso da girkin dare, a ci kafin magariba ko da an idar da ita. Inda ba hali, mai ƙwannafi ya ci rabin rabonsa, a rufe masa sauran ya zama ɗumamen safe. Bayan ya ci ya tafi masallaci da ƙafa, ya zauna hira a zaune, kada ya kishingiɗa. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa ciki kashi uku ake raba shi, na abinci da na ruwa da na numfashi. Likitan ciki ba zai ƙara komai a kan wannan ba.

Sai shimfiɗa. Ɗaga wajen kai da kamar santimita 15 zuwa 20 yana rage ƙwannafin dare, kuma an gwada an gani. Mai gadon katako ko na ƙarfe ya samo bulo mai inci 6 guda biyu, ya kwantar da su ta gefe, ya ɗora ƙafafun gadon na wajen kai a kansu, yadda gadon gaba ɗaya zai ɗan gangara zuwa ƙafa. Mai katifa a ƙasa ya cusa naɗaɗɗen bargo ko tsofaffin tufafi a ƙarƙashinta, ya zama tudu mai gangara daga kai zuwa kwankwaso. Abin da ba ya aiki shi ne jibga matashin kai uku, domin wuya da ƙugu ne kawai za su lanƙwashe, cikin ya ƙara matsuwa.

Akwai kuma maganar ɓangaren da ake kwanciya a kai, kuma ina so in faɗe ta da ladabi. Yadda tumbi yake zaune a jiki, idan mutum ya kwanta a gefen hagu ruwan tsamin yana taruwa ƙasa da bakin bututun, idan kuma ya kwanta a dama ya fi saurin kaiwa gare shi. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu a kan fara kwanciya a dama, kuma sunna ce da muke ƙauna. Ni ban ga karo a nan ba. Mutum ya kwanta a damansa, ya yi addu'o'insa, in ya ji zafin yana tasowa ya juya hagu saboda lalura. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa. Kuma wanda ya kiyaye tazarar awa uku, ya ɗaga shimfiɗa, da wuya ya buƙaci juyin ma.

Da rana kuma sunkuyo ne abokin gaba. Mai noma da fartanya, mai tsinkar tumatir, uwargida mai shara da wanki a duƙe, duk suna matse tumbi. A ci kaɗan kafin irin wannan aiki, a ɗan jira kafin a duƙa, a sassauta zariya da bel da ɗaurin zane. Masu teɓa kuwa, a yi haƙuri da ni, a cikin duk sauye-sauyen da ake ba da shawara babu wanda bincike ya fi tabbatar da amfaninsa kamar rage ƙiba, domin kitsen ciki danna tumbi yake dare da rana. Taba sigari da shisha suna sassauta zoben nan, suna kuma rage yawu, alhali yawu ne ke wanke bututun. Barin su magani ne.

Game da nau'in abinci, ina da ƙorafi a kan dogon jerin hani da ake ɗora wa mutane. Za ka ji an ce wa talaka kada ya ci yaji, kada ya ci wake, kada ya ci tumatir, kada ya sha tsami, kada ya ci tuwon dawa. To me ya rage masa? A ƙasar da Ikara ta yi suna da tumatir har aka kafa kamfanin sarrafa shi, ƙasar da attaruhu da tattasai ke cikin kowace miya, wannan hani ba mai ɗorewa ba ne, kuma shawarar likitocin ciki ta yanzu ba haka take ba. Abin da suke cewa shi ne kowa ya gano nasa. Waɗanda aka fi kamawa da laifi su ne soye-soye masu mai, irin su ƙosai da awara da soyayyen nama, sai barkono mai yawa, da miyar tumatir mai tsami, da lemun zaƙi da na tsami, da lemun kwalba mai gas, da kofi da shayi mai ƙarfi, da na'a-na'a, da goro, musamman a cikin da babu komai. Ka cire abu ɗaya na mako biyu ka gani. In an samu sauƙi ka kama ɓarawonka, in ba a samu ba ka mayar da shi ka gwada wani. Mutumin Makarfi ba sai ya rabu da rakensa da mazarƙwailarsa ba, na Hunkuyi ba sai ya ƙaurace wa inabinsa ba, in dai shi da kansa bai ga suna tayar masa ba.

Yanzu kanwa. Da yawa daga iyayenmu, in ƙirji ya ɗau zafi, sai a jiƙa 'yar kanwa a sha, a yi gyatsa, a ji wasai. Tana aiki kam, domin tana kashe kaifin tsami nan take. Amma kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, mai riƙe ruwa a jiki ya hau da jini. Ba kuwa a nesa aka yi nazarin wannan ba. A shekarun 1970, a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Farfesa Eldryd Parry da abokin aikinsa Davidson sun bibiyi mata 224 da zuciyarsu ta gaza a lokacin jego, suka wallafa sakamakon a 1978, inda suka danganta abin da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano a shekarun baya-bayan nan ya nuna akwai wasu dalilan da ke da hannu a wannan ciwo. Duk da haka gishirin da ke cikin kanwa yana nan daram. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko ƙoda, mai juna biyu, kada ɗayansu ya mayar da jiƙon kanwa ko bakin soda maganin ƙwannafi.

Magungunan asibiti hawa uku ne, kuma kowanne da yadda ake shansa. Hawa na farko su ne masu kashe kaifin tsamin da ya riga ya fito, irin farin maganin ruwan nan da ƙwayoyin taunawa. Suna aiki cikin mintuna, amma aikinsu ba ya daɗewa. Akwai irinsu Gaviscon, wanda ke yin kumfa mai kauri a saman abin da ke tumbi ya tare bakin bututun, shi ya sa bayan cin abinci da lokacin kwanciya ake shansa. Waɗannan na mai ƙwannafin jefi-jefi ne. Abin da ba a cika faɗa wa mutane ba shi ne suna kama wasu magunguna a ciki su hana su shiga jini: maganin ƙarin jini, da ciprofloxacin, da tetracycline, da dolutegravir da ke cikin maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Wanda ke shan ɗaya daga ciki ya raba lokacinsu da awanni, ya kuma tambayi ma'aikacin lafiya tazarar da ta dace da nasa.

Hawa na biyu su ne masu rage fitar ruwan tsamin, irin cimetidine da famotidine. Cimetidine ya fito a Ingila a 1976, ya rage yawan tiyatar olsa ƙwarai, kuma yana cikin ayyukan da suka sa aka ba James Black kyautar Nobel a 1988. Akwai ɗan uwansu ranitidine, wanda aka fi sani da Zantac. A watan Afrilun 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa aka janye shi daga kasuwa, Turai ma ta dakatar da shi, saboda an samu wani gurɓataccen sinadari a cikinsa da ake zargi da haddasa kansa. Wanda ya ga ragowarsa a kanta ya bar shi a nan.

Hawa na uku su ne mafi ƙarfi, omeprazole da danginsa irin esomeprazole da pantoprazole da rabeprazole. A Suwidin aka ƙirƙiro omeprazole, ya shiga kasuwa a 1988, yau kuwa babu kemis ɗin da ba shi. Kuma babu maganin da muke sha ba daidai ba kamarsa. Mutum zai bari sai wuta ta kama ƙirji ya haɗiyi ɗaya, ya jira minti goma, ya ce jabu ne. Ba haka yake aiki ba. Shi yana rufe 'yan famfunan da ke fitar da tsamin ne, kuma ya fi kama su a lokacin da abinci ya tashe su. Don haka ana shansa da ruwa minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo, kullum, ba tare da an tauna ba, kuma sai ya yi kwana biyu zuwa huɗu kafin a ga cikakken amfaninsa. Likita yakan rubuta shi na mako 4 zuwa 8. Wanda ya saya da kansa kada ya wuce mako biyu bai ga ma'aikacin lafiya ba. Idan an daɗe ana sha aka tsaya farat ɗaya, tsamin kan dawo da ƙarfi na 'yan kwanaki, sai mutum ya zaci ciwon ne ya dawo, shi ya sa ake janye shi a hankali. Akwai waɗanda lalurarsu ta sa dole su zauna a kansa shekaru, kuma ba laifi in likita ne ya yanke haka yana bibiya, domin doguwar sha tana iya rage wasu sinadaran jiki irin bitamin B12.

Ga wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Mutumin da ke shan omeprazole da safe, shi ne da yamma zai sayi haɗin maganin gajiya, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda, ba suna ba kwali. A cikin irin wannan haɗi da wuya ka rasa diclofenac ko ibuprofen ko piroxicam ko asfirin, kuma su ne ke cin bangon tumbi har su kai ga zubar jini. Leburan da ya wuni yana lodin rake dole jikinsa ya yi tsami, na sani. Amma mai ciwon ciki ya tsaya a farasitamol bisa ƙa'ida. 'Yan uwana masu kemis, ku ne asibitin farko na mutanenmu, kun fi kowa sanin wanda ke zuwa kullum. Don Allah ku riƙa tambaya kafin ku ƙulla, ku riƙa tura mutum gaba idan ya yi mako biyu yana dawowa. Wasu magungunan hawan jini ma, irin nifedipine da amlodipine, suna iya sassauta zoben nan. Mai shan su kada ya daina da kansa, ya gaya wa likitansa a duba. Kafso irin doxycycline kuma a sha shi da cikakken kofin ruwa, a tsaye ko a zaune, ba a bakin kwanciya ba.

Iyayenmu mata masu juna biyu, ƙwannafi abokin tafiyarku ne, musamman a watannin ƙarshe, saboda sinadaran ciki suna sassauta zoben, ɗa kuma yana turo tumbi sama. Yawanci da an sauka lafiya yake tafiya. A ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, a ɗaga shimfiɗa, a faɗa a wurin awo a ba da maganin da ya dace. Kada a karɓi maganin olsar maƙwabciya, domin akwai wani mai suna misoprostol da ke iya zubar da ciki. Sannan mai cikin da ya haura wata biyar, in ta ji ciwo mai tsanani a ƙasan haƙarƙari, ga ciwon kai, ga dishi-dishin gani, ga kumburin fuska da hannuwa, wannan ba na jira ba ne. Yana iya zama hawan jinin masu ciki da ke kai ga jijjiga. A kai ta asibiti a wannan sa'ar.

Da azumi kuwa kowa ya san yadda muke yi: kunun tsamiya, ƙosai, soyayyen dankali, ruwan sanyi, duk a zama ɗaya, sannan a tashi a yi ta ruku'u da sujada. Da asuba a cika ciki da sahur, a idar da salla a koma barci. Mai ƙwannafi ya buɗe baki da dabino da ruwa, ya yi magariba, ya ci kaɗan, ya ƙarasa bayan tarawihi da sauran lokaci kafin kwanciya. Mai shan omeprazole ya sha rabin awa kafin sahur, ko ya sha da ruwan buɗa-baki ya jinkirta abincin zuwa bayan salla. Bayan asuba in barci ya zama dole, a yi shi a jingine.

Akwai alamomin da idan sun bayyana, maganar kemis ta ƙare. Abinci yana maƙalewa ko haɗiya tana zafi. Rama ba dalili. Amai da jini, ko amai mai kama da garin kofi. Baƙin bayan gida mai yauƙi da wari. Amai da ya ƙi tsayawa, ko ɗashewar ido da tafin hannu. Haka nan wanda ya manyanta, ya haura hamsin, sannan abin ya fara masa sabo. Ruwan tsamin da ya daɗe yana ƙona bututun yana iya sa shi ya ƙanƙance, a wasu 'yan kaɗan kuma yana sauya fatar wurin ta yadda daga baya za ta iya rikiɗewa ta zama kansa. Alamar da ta fi duka gaggawa ita ce ciwon ƙirji mai nauyi kamar an danne mutum, wanda ke tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, da gumi da haki, musamman a wurin mai hawan jini ko ciwon suga. Wannan zuciya ce har sai likita ya tabbatar ba ita ba ce, kuma mutane sun rasa rayukansu suna kurɓar maganin ƙwannafi a kanta.

Wurin zuwa bai yi mana nisa ba. Akwai ƙananan asibitocin mazaɓu, waɗanda da yawa daga ma'aikatansu kwalejin kiwon lafiya ta Shehu Idris da ke Makarfi ce ta yaye su. Akwai asibitocin gwamnati a Ikara da Makarfi da Hunkuyi. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum asibitin koyarwa na Shika, inda ake zura siririyar na'ura mai kyamara ta baki a ga bututun da tumbin ido da ido, aikin da ba ya wuce 'yan mintuna. Wanda zai je ya tattara duk kwalaye da kwalaben magungunan da yake sha, har da na gargajiya da na leda, ya tafi da su. Ya kuma shirya amsar tambayoyin da za a yi masa: a ina daidai yake jin zafin, kafin cin abinci ne ko bayansa, yana tashinsa daga barci, tun yaushe ya fara, kuma ƙarfe nawa yake cin abincin dare.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.